HARAJIN MAI SANA'A A CIKIN GIDA: RIBA A KE YANKA WA, BA CINIKI BA

Ran 26 ga watan Yuni na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu na haraji. Manyan biyu daga cikinsu, watau wadda ta faɗi abin da za a biya da wadda ta faɗi yadda za a karɓa, sun fara aiki ran 1 ga Janairu na 2026. Masu karatu ba su manta da irin ƙurar da ta tashi kafin a kai ga haka ba. Tun cikin 2023 aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Taiwo Oyedele ya tsara su, da aka kai su gaban Majalisa cikin Oktoba na 2024 sai Gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda da yadda za a raba kuɗin harajin sayen kaya ba, wanda a ke kira VAT. Aka yi ta ja har aka daidaita.

To, wannan duk gardama ce ta masu rabo. Masu biya kuwa ba a cika jin muryarsu ba, balle waɗanda ba su da kanti, ba su da rumfa a kasuwa, sana'arsu tana cikin gida. Su na ke so mu duba yau, gama a ƙasar nan ba kaɗan ba ne. Duk wanda ya san garuruwanmu ya sani bayan kowane zaure akwai ciniki. Ga mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli, ga mai ɗinki da mai kitso, ga mai turaren wuta da humra, ga mai ƙulla zoɓo da kunun aya ta sa a firiza, ga mai sayar da atamfa ta hanyar WhatsApp wadda ba ta taɓa ganin fuskar rabin masu saye ba. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu cikin 1969 a kan wannan ciniki na matan kulle, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Ɓoyayye ne lalle a wancan zamani, don kuɗinsa a ƙasan tukunya ya ke kwana, ko a cikin kwalla. Yau kuwa kuɗin nan ta waya ya ke shiga asusun banki, kowace Naira da kwanan watanta da sunan wanda ya aiko. Abin da banki ya rubuta ya daina ɓoyuwa.

Kwanan baya wata dattijuwa, mahaifiyar ɗaya daga cikin ɗalibanmu, ta aiko a yi mini sallama. Da muka gaisa sai ta ce, "Malam, an ce da ni in kwashe 'yan kuɗina daga banki, wai Gwamnati za ta riƙa yankar duk abin da ya shiga. Gaskiya ne?" Na ce, "Hajiya, ba haka dokar ta ce ba. Amma in tambaye ki, nawa kika ci riba bara?" Sai ta yi dariya, ta ce, "Wa ya sani, Malam? Muna dai ci muna sha, uwar kuɗi ba ta mutu ba." Na daɗe ina tunanin wannan amsa. Tsoronta ba shi da tushe, gama babu inda doka ta ce duk kuɗin da ya shiga asusu a yanke masa haraji nan take. Abin da a ke cirewa kai tsaye shi ne Naira 50 ta hatimi a kan aiken kuɗi na Naira 10,000 ko fiye, wadda tun shigowar 2026 ta koma kan mai aikawa. Haɗarin da ke gabanta na ainihi yana cikin amsar da ta ba ni, ita kuwa ba ta gan shi ba.

ABIN DA MUKA GADA

Ba yau aka fara karɓar haraji a kan sana'a a ƙasar Hausa ba. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya shiga Kano cikin 1851, ya ba da labari kowane maigida yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowane ramin rini kuma wuri 700 kuɗin karofi, ramukan kuwa sun fi 2,000 a cikin birni kaɗai. A lura, rami a ke ƙirgawa, ba a tambayar marini ko ya ci riba ko ya faɗi. Da Turawa suka zo, dokokin Lugga na 1904 da 1906 suka tattara yawancin waɗannan kuɗaɗe suka mai da su haraji guda, ban da jangali. Di'o ya kan zaga ya kimanta arzikin gari, gonaki da dabbobi da sana'o'i, ya yanka wa garin jimla, sa'an nan dagaci da masu unguwa su rarraba wa magidanta. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Wanda ke da uwa a gindin murhu a sassauta masa, wanda ba shi da kowa a danna masa, in ya kasa ya sha rana a ƙofar fada, ko ya tsere ya bar garin. Wannan ne ya sa NEPU ta Malam Aminu Kano ta mai da haraji babban makaminta, har cikin 1979 Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

Na kawo wannan tarihi ne don abu guda. Aibin harajin da ba yawansa kaɗai ba ne. Babban aibinsa shi ne ƙiyasi ne, wani ne zai dube ka ya faɗi abin da ka ke da shi, kai kuwa ba ka da hujjar musu. A Kudu ma jita-jitar cewa za a ƙirga mata a yanka musu haraji ita ta ta da boren matan Aba cikin 1929, aka yi asarar rayuka. Sha'anin haraji a kan cinikin mata ba abin wasa ba ne, kuma jita-jita ta fi doka saurin tafiya.

Harajin yanzu an gina shi bisa wata ƙa'ida dabam. Kai za ka faɗi abin da ka samu, ka faɗi abin da ka kashe wajen samunsa, abin da ya saura shi a ke yanka wa. Amma dokar ta ajiye wata ƙofa. Ta ce in mutum bai riƙe lissafin da za a iya gane ribarsa da shi ba, sai a yanka masa bisa ƙiyasi. Wannan ƙofa tana cikin tsohuwar doka tun gyaran 2011, sabuwar kuma ba ta toshe ta ba. Watau wanda ya rubuta, shi ya yanka wa kansa. Wanda bai rubuta ba ya koma zamanin Di'o.

ABIN DA DOKA TA YANKA

Da fari a san wa za a biya. Mai sana'a shi kaɗai, ko da ya yi rajistar sunan sana'arsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ba kamfani ba ne a idon doka. Harajin kuɗin shiga na mutum ɗaya ke kansa, kuma Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar da ya ke zaune ita ke karɓa, ba ta Tarayya ba. Saboda haka rangwamen da a ke ta shela an yi wa ƙananan kamfanoni bai shafe shi ba. Batun VAT ma bai kamata ya hana shi barci ba. Harajin yana nan a 7.5 cikin ɗari, amma tun dokar kuɗi ta 2019 an ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai Naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓarsa daga masu saye, sabuwar doka kuwa ta ƙara ɗaga wannan iyaka.

Ga yadda a ke yankan. Naira 800,000 na farko cikin abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu ko kwabo. Abin da ya haura haka zuwa miliyan 3 a biya 15 cikin ɗari. Daga miliyan 3 zuwa 12 a biya 18, daga nan ya yi ta hawa har ya tsaya a 25 cikin ɗari ga abin da ya wuce miliyan 50, wanda ba matsalar masu ƙosai ba ce. A tsohuwar doka daga 7 cikin ɗari a ke farawa, bayan an cire wani rangwame na bai ɗaya, watau Naira 200,000 da kuma kashi 20 cikin ɗari na abin da mutum ya samu. Wannan rangwame an soke shi. A madadinsa an kawo rangwamen haya: wanda ke biyan kuɗin haya za a cire masa kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara daga abin da za a yanka wa haraji, amma kada ya wuce Naira 500,000, kuma sai ya bayyana ainihin abin da ya biya. Wanda ke zaune a gidan gado ko gidan kansa ba shi da rabo a nan. Ana kuma cire abin da mutum ya zuba a asusun fansho, da na inshorar lafiya, da na asusun gidaje na ƙasa.

A lura da bambancin. Rangwamen da, ko ka kawo takarda ko ba ka kawo ba, naka ne. Na yanzu duk sai da shaida.

Bari mu buga misali, gama lissafi ba ya shiga kai sai da lamba. A ce ga mai ƙosai tana cinikin Naira 5,000 kowace safiya, kwana 300 a shekara. Abin da ya ratsa hannunta Naira 1,500,000 ke nan, wanda ya ji sai ya ce ta wuce iyaka. Amma wake da mai da itace da kayan yaji da leda suna cin Naira 3,500 kullum, watau Naira 1,050,000 a shekara. Ribarta Naira 450,000 ce. Ba ta kai 800,000 ba, saboda haka Gwamnati ba ta bin ta kome.

Ga kuma mai ɗinki a cikin gida, abin da ya shiga hannunta a shekara Naira 2,400,000. Ta sayi shafi da zare da maɓalli da zif da duwatsun ado na Naira 700,000. Ta biya yarinyar da ke taya ta Naira 20,000 a wata, 240,000 ke nan. Gyaran keke ya ci 60,000. Ɗan aike da mai Keke Napep da ke kai wa mutane ɗinkinsu sun ci 80,000. Man janareta ta saya na 300,000, amma kashi uku cikin biyar ne na lokacin aiki, saura na kallon talabijin ne da fanka da dare, sai a rubuta 180,000. Katin waya da data 80,000, rabi na masu kawo ɗinki rabi na gaishe-gaishen dangi, a rubuta 40,000. Jimla Naira 1,300,000. Riba ta zama 1,100,000. A cire 800,000, saura 300,000. Kashi 15 cikin ɗari na wannan shi ne Naira 45,000, harajinta na shekara ke nan. To, da za a ɗauki duk abin da ya shiga asusunta a ce riba ce, sai a yanka wa 1,600,000, harajin ya zama Naira 240,000. Tsakanin lissafin nan biyu akwai Naira 195,000, abin da ya raba su kuwa littafin rubutu ne da biro, da 'yan takardun rasidi a cikin gwangwanin madara.

TUKUNYA ƊAYA, MIYA BIYU

A nan ne wahalar ta ke, a nan kuma ya kamata mu daɗe. Ƙa'idar da doka ta kafa gajeriya ce: abin da za a cire sai wanda aka kashe gaba ɗaya domin samar da wannan kuɗin shiga, ba don wani abu dabam ba. Abin da aka kashe don gida ko don kai ba a cire shi. Ga mai kanti a Kantin Kwari wannan ba wuya, kanti dabam gida dabam. Amma mai sana'a a cikin gida fa? Murhun da ta soya ƙosai shi za ta ɗora tuwon dare. Firizar da ke sanyaya zoɓon sayarwa ita ke riƙe da naman miya. Wutar lantarki mita ɗaya ce, waya ɗaya ce, asusu ɗaya ne. Kai, har buhun waken ma ɗaya ne, in baƙi suka zo a ɗiba a yi alala.

Masu lissafin haraji sun saba raba irin wannan kashi-kashi, kamar yadda muka yi da man janareta. In mutum yana hayar gida mai ɗaki huɗu, ya keɓe ɗaya ba a kwana ciki ba a ajiye kome sai keke da kayan ɗinki, yana da hujjar ɗora rubu'in hayar a kan sana'a. In kuwa ɗakin nan da rana shago ne da dare makwancin yara, hujjar ta yi rauni. Ni a ganina a nan za a fi yin gardama da ma'aikatan haraji, wanda kuwa ya rubuta dalilin rabonsa tun farkon shekara ya fi wanda ya ƙirƙiro shi ran da aka tambaye shi.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman. A gidajenmu miji ke biyan haya, shi ke biyan wuta, haka shari'a ta ɗora masa. To, matar da ke sana'a a gidan ba za ta cire hayar da ba ita ta biya ba, ko wutar da ba daga jakarta ta fita ba. Rangwamen haya na maigida ne. In tana so a lissafa mata rabon wuta, sai ta riƙa biyan rabon nan da gaske, a kuma rubuta. Na san wasu za su ce wannan kawo Turanci ne tsakanin mata da miji. Ban yarda ba. Musulunci ya riga dokar Nijeriya raba dukiyar mace da ta mijinta, dokar harajin ma kowa lissafinsa dabam ta ke yi masa, mace na da nata 800,000 miji na da nasa.

Wannan ya kawo mu kan 'yan'uwana malaman makaranta da sauran ma'aikata, waɗanda tsadar zamani ta sa kusan kowa ya kafa 'yar sana'a a bayan gida. Da yawa suna zaton tun da ana cire musu haraji daga albashi sun fita. Ba su fita ba. Doka tana tara duk abin da mutum ya samu wuri ɗaya, 800,000 ɗin nan kuwa sau ɗaya a ke ba da shi, ba kowace sana'a da nata ba. Malamin da albashinsa bayan cire fansho ya kai Naira 1,500,000 ya riga ya cinye rangwamensa. In kajin da ya ke kiwo suka ba shi ribar 400,000, duk cikinta za a yanka 15 cikin ɗari, Naira 60,000 ke nan. Da kajin na matarsa ne, ba ta kuwa da wata hanyar samu, da babu abin da za a biya. Na faɗi wannan don a sani, ba don a yi dabara ba. Wanda ya rubuta sunan matarsa a kan kajin da shi ya saya, shi ke sayarwa, kuɗin kuma asusunsa su ke shiga, ya yi wa hukuma ƙarya, ran da kuwa aka yi saɓani a gida zai ga takardar da ya rubuta da hannunsa ta zama shaida a kansa.

Sauran abubuwan da a ke ruɗewa a kansu ba su da wuyar ganewa. Sabon keken ɗinki ko firiza jari ne, ba a cire kuɗinsa duka a shekarar da aka saya, rarraba shi a ke yi bisa 'yan shekaru. Kayan Sallar yara da aka ɗinka da yadin sana'a na gida ne. Gudummawar biki da ta suna, ko da ga mai yawan kawo ɗinki aka kai, ba ta shiga. Zakka da sadaka ibada ce, ladansu na wurin Allah, ba kuɗin samar da riba ba ne. Zubin adashi ba kashewa ba ne, kwasarsa kuma ba samu ba ne, kuɗinka ne ya je ya komo. Haka kuɗin da ɗa ya aiko wa uwarsa daga Legas kyauta ce, ba ciniki ba. Amma fa in kwasar adashi da aiken ɗa da kuɗin atamfa duk suka zuba cikin asusu ɗaya, bayan wata goma sha biyu wa zai tuna wanne ne wanne? Saboda haka shawarar da ta fi kowace sauƙi ita ce a buɗe asusu na biyu, ko da na waya ne, kada kome ya shiga cikinsa sai kuɗin sana'a.

Wani zai ce masu sayar da wake a kasuwa ba su ba da rasidi. Gaskiya ne. Amma rubutun da aka yi ran da aka yi sayayya, da kwanan wata da mudu nawa da sunan mai rumfa, shaida ce, in kuwa ta waya aka biya, saƙon banki ya ƙarfafa ta. Kuma kada a ce wannan baƙon abu ne gare mu. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Duk ɗan kasuwar da ke fid da zakka yadda ya kamata tilas ya zauna sau ɗaya a shekara ya ƙirga hajarsa da kuɗinsa da bashin da ya ke bi. Lissafin da zakka ke bukata shi ne rabin lissafin da haraji ke bukata.

INDA DOKAR TA YI MANA NAUYI

Kada a ɗauka ina wanke dokar ne. Akwai wurare biyu da na ke ganin ta yi tsanani ga irin mutanen da mu ke magana a kansu.

Na farko tara. Doka ta ce kowane mai samu ya kai bayanin abin da ya samu a shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris, ko harajin ya hau kansa ko bai hau ba. Wanda bai kai ba tararsa Naira 100,000 a watan farko, sa'an nan 50,000 kowane wata da ya biyo. A dubi mai ƙosan nan tamu. Harajinta babu, amma in aka bi doka baƙi da baƙi, tarar wata takwas ta cinye ribarta ta shekara ɗungum. Ban ce za a yi haka ba. Na ce dai sanda ce aka ajiye, mu kuwa mun san abin da ƙaramin ma'aikaci ke yi da sanda in ya tarad da wanda bai san haƙƙinsa ba. Tun 1998 akwai dokar da ta jera irin harajin da kowane hawa na Gwamnati zai karɓa, ta kuma hana tare hanya don karɓar kuɗi, duk da haka ba a daina ganin masu riguna masu launi da 'yan tikiti a hannu ba.

Na biyu harshe. Doka ta ce a riƙe littattafan lissafi da Turanci, a ajiye su shekara shida, in kuwa da wani harshe aka rubuta, hukuma na iya neman mai su ya kawo fassara da kuɗinsa. Wanda ya tsara wannan kamfanonin ƙasashen waje ya ke tunani, ba Hajiyar da ta yi mini sallama ba. Matan aurenmu da yawa sun yi Islamiyya, suna rubuta Hausa da boko ko da ajami sarai, amma ba su da Turanci. Ashe za a ce da wadda ta yi ƙoƙari ta rubuta "wake mudu 4" ba ta riƙe lissafi ba? Da ya ke hukumomin Jihohi ke karɓar wannan haraji, su kuma ke tsara takardun da a ke cikawa, babu abin da zai hana Jihohin Arewa su buga takarda mai shafi ɗaya da Hausa da Turanci gefe da gefe, su kuma sanar a rediyo cewa littafin da aka rubuta da Hausa karɓaɓɓe ne. Lambobi dai ba su da yare. Cikin shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci a ƙarƙashin Malam Ahmadu Kumasi, ɗaya daga cikin amfanin da talaka ya gani a ciki kuwa shi ne ya iya karanta abin da aka rubuta a takardar harajinsa, kada a karɓi sule goma a rubuta takwas. Abin kunya ne a ce bayan shekara saba'in mun komo muna roƙon a bar shi ya rubuta da harshensa.

Mu ma masu aikin ilmi da laifinmu. Na sha gwada ɗaliban da mu ke horarwa su zama malamai da irin lissafin mai ɗinkin nan. Su kan iya fid da 15 cikin ɗari ba wuya, amma da yawa a kan cinikin duka su ke fid da shi, ba su tsaya sun nemi riba ba. Wanda zai koyar ke nan. Ana koyar da darasin kasuwanci a ƙananan makarantun sakandare, amma misalan littafin na kamfani ne mai akawu da ma'aji. Yarinyar da ke zaune a ajin, wadda da asuba ita ta ƙulla zoɓon uwarta, ba a taɓa ce mata ta zo da lissafin zoɓon a yi shi a allo ba. Da za a ba kowace ɗaliba aikin riƙe littafin sana'ar gidansu wata guda, shafin hagu abin da ya shigo, na dama abin da ya fita, da an yi darasin lissafi na gaske, an kuma sama wa gidan akawu kyauta. Haka azuzuwan manya na hukumomin ilmin jama'a, irin wadda Kano ta kafa cikin 1980, da makarantun Islamiyya na matan aure, darasi huɗu ko biyar sun isa a koya wannan.

Saura in faɗi abin da mutum zai yi in takarda ta zo masa da kuɗin da bai yarda da shi ba. Kada ya jefa ta ƙarƙashin katifa. Doka ta ba shi kwana 30 daga ran da ta iso ya rubuta wa hukumar cewa bai yarda ba, ya faɗi dalilinsa, ya faɗi abin da ya ke ganin shi ne daidai. In ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, sabuwar doka kuma ta kafa ofishin mai sauraron koke-koken masu biya, wanda ba a biyan kome kafin a kai masa kuka. In kwana 30 suka wuce bai ce uffan ba, abin da aka yanka ya zauna. Kuma duk wanda ya zo ƙofar gida ya ce a ba shi a hannu a kashe magana, a tambaye shi takardar hukuma, a ce za a biya a banki a karɓi rasidi.

Hajiyar nan dai ba ta kwashe kuɗinta ba. Jikarta mai aji biyu a sakandare ita ke riƙe mata littafi yanzu. A ƙarshen watan farko suka tarar turaren wuta na kawo riba, amma humrar da ta fi alfahari da ita faɗuwa ta ke yi a kowace kwalba, don ba ta taɓa sa kuɗin kwalbar da na ɗan aike cikin farashi ba.